Man Shafawa na Teku: A Duba Kafin a Kai Gida Tsaraba

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a 'yan'uwa mazauna Kurmi, ku na Agege da Idi-Araba da Obalande, da na Sabon Badun da Shagamu, har zuwa Anaca da Fatakwal, yau maganata da ku ce, kuma a kan tsarabar da kuke aiko mana gida ne. A da in mutum ya taso daga Ikko, abin da akan sa ido a gani cikin kayansa shi ne goro da atamfa da burodi da man ja. To, yanzu an sami ƙari. Sau da yawa in aka buɗe akwatin lefe ko jakar tsarabar salla sai a tarad da kwalaben man shafawa da sabulai masu hoton igiyar ruwa ko kifi ko lu'ulu'u a jikinsu, an rubuta da Turanci wai an haɗa su da ciyawar teku, ko da kolajin na kifi, ko da garin lu'ulu'u. Maigida ya biya kuɗi masu tsoka ya kawo, uwargida ko amarya ta karɓa da murna ta shafa, domin an gaya mata abin daga teku ya fito, babu haɗin Bature a ciki. Waɗansunku ma ba saye kaɗai kuke yi ba, sana'arku ke nan, kuna sarowa a Balogun da Idumota kuna tallarsu a baro ko a tebur, ko kuna ɗora wa motocin Kano da Sakkwato.

Abin da nake so in ce a fili shi ne, kalmar teku a jikin kwalba ba ta isa shaidar cewa mai ba zai cuci fata ba. Akwai abin teku da fata ke karɓa lami lafiya, akwai wanda ke iya kai mutum asibiti, akwai kuma kwalbar da babu kome na teku a cikinta sai hoton. Wanda ya taso inda babban ruwan da ya sani shi ne kogi ko tafki, dole a yi masa uzuri in bai rarrabe ba, gama baƙo ko da ido makaho ne. Amma uzuri ba ya warkad da fuskar da ta ƙone.

Mu dai ba yau muka fara shafa abin teku a jiki ba, ko da yake ba kowa ya lura ba. Farcen nan da matan Barno ke sa wa humra da turaren wuta, ai marfin bakin wani dodon-koɗi ne na teku, yawancinsa ta Sudan yake zuwa mana daga wajen Bahar Maliya. Ambar na ainihi daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku yake fitowa. Man kifi kuwa, wanda ya yi ƙuruciya kusa da asibiti ya san ƙarninsa. Sai dai bambancin shi ne, mai haɗa humra tana ganin farcenta da idonta, ta jiƙa, ta kankare, ta wanke, ta soya kafin ta daka, kuma kakarta ma haka ta yi. Wannan na kwalba kuwa babu abin da mai saye ya gani sai rubutu.

Bari mu fara da gaskiyar da ke wajen masu sayarwa, domin suna da tasu. Yawancin abin da ake kira ciyawar teku a man shafawa wani abu ne mai yauƙi da ake tacewa daga cikin ciyawar a masana'anta. Akwai aljinet, wanda wani masanin haɗa magunguna na Ingila mai suna Stanford ya fara fitarwa cikin 1881 daga ciyawa mai launin ƙasa. Akwai karajinan, wanda ake samu daga jar ciyawa, irin wadda ake nomawa a gaɓar tekun Indonesiya da Filifin, da kuma Zanzibar inda aka fara nomanta don sayarwa cikin 1989, kuma galibin manoman mata ne. Waɗannan abubuwa biyu kun daɗe kuna amfani da su ba ku sani ba. Suna cikin man goge baki da askirim, likitan haƙori yana ɗaukar siffar baki da aljinet, ana kuma yin wata irin auduga da shi ta ɗaure gyambo. A man shafawa aikinsu shi ne su kauranta man, su kwanta a bisa fata su riƙe danshi, kamar dai yadda yauƙin kuɓewa ko karkashi ke yi a hannu. In an tace su sosai, da wuya su tayar wa mutum da ƙaiƙayi. Wannan gaskiya ce, ba ni da ja a kanta.

Amma riƙe danshi fa shi ne babban aikin, ba mai da tsohuwa yarinya ba. Akwai wani mai da ya yi suna a duniya, La Mer, wanda kamfanin Estée Lauder ya saya cikin 1995, ana sayad da babbar kwalbarsa ɗaruruwan daloli bisa labarin tsimin ciyawar tekun da ke ciki. In ka karanta jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, daga ciyawar sai man ma'adinai da basilin da gilisarin. I, basilin ɗin nan dai da muke cika wa yara a ƙafa da hunturu.

Inda magana ta fara rikicewa shi ne, ciyawar teku ba iri ɗaya ba ce. Dubbai ce. In mutum ya ce maka ya haɗa magani da ganyen daji, ai sai ka tambaye shi wane ganye, domin zogale ganye ne, tumfafiya ganye ce, zaƙami ma ganye ne. A Amurka akwai wani kwamitin masana da ke duba abubuwan da ake sa wa kayan kwalliya, ana kiransa CIR. Sun zauna a kan abubuwa iri 82 da ake samu daga ciyawa mai launin ƙasa, cikin 2019 suka ce mafi yawansu ba su da illa a yadda ake amfani da su, saura kuwa babu isasshen bayanin da za a yanke hukunci. Da suka juya kan jar ciyawa, iri 60, sai abin ya juye, mafi yawansu ne aka ce bayani bai isa ba. To, in masu ɗakunan gwaji sun tsaya sun ce sai an ƙaro bincike, ina dalilin da mai tebur a bakin tasha zai rantse maka cewa nasa ba ya yi wa kowa kome?

Cikin teku akwai abin da taɓa shi kaɗai yakan ƙona. A 1958 a tsibirin Oahu na Hawai, mutane fiye da 100 da suka yi wanka a teku suka fito da ƙuna da bororo a wuraren da wandon wanka ya rufe, saboda wani gansakuka mai kama da gashi da ya maƙale tsakanin tufa da fata. Babu kamfanin kirki da zai sa irin wannan a mai, amma ya isa ya nuna cewa fitowa daga ruwan Allah ba ta hana abu dafi. Har ila yau ciyawar teku tana da wata ɗabi'a, watau takan zuƙe abin da ke cikin ruwan da ta girma ta tara a jikinta, mai kyau da mugu. Haka ta tara aidin, har ma daga tokarta ne wani Bafaranshe, Courtois, ya gano shi cikin 1811. Haka kuma takan tara guba irin su asanik da dalma. A 2004 hukumar kula da abinci ta Ingila ta gargaɗi jama'arta su daina cin wata ciyawa da ake kira hijiki saboda yawan asanik da ke cikinta. Wannan maganar ci ce, shafawa ba ta kai nan haɗari ba, amma dalilin ke nan da ya sa manyan masana'antu ke auna kowane kaya kafin su zuba a tukunya, suna kuma tambayar daga wane ruwa aka ɗebo.

Wannan batu ya shafe ku kai tsaye, ku da ke zaune bakin ruwa. Tun daga 2011 wata ciyawa mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake kira sargasum ta riƙa tuɗowa tuli-tuli a gaɓar Afirka ta Yamma da tsibiran Karibiyan, ta sauka a gaɓar Ikko da Ondo da yammacin Gana, tana cika tarun masunta. In ta ruɓe takan fid da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke sa ciwon kai da zafin ido da sarƙewar numfashi. A tsibiran Gwadalup da Martinik na Faransa, likitoci sun ƙidaya mutum fiye da 11,000 da wannan iska ta kai gabansu cikin wata 8 na farkon 2018. An kuma auna ciyawar a wurare da dama an iske asanik mai yawa a cikinta. Ga ta nan a banza a bakin ruwa, ga kuma kasuwa tana neman duk abin da aka ce na teku ne. Ba sai an yi duba ba a san cewa wata rana wani zai kwasa ya shanya ya niƙa ya zuba a sabulun salo. Wanda ya san abin da magudanan Ikko ke zubarwa a ruwa, ko ya ji abin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya faɗa game da man fetur a ruwayen ƙasar Ogoni, ba zai so a shafa wa ɗiyarsa garin ciyawar da ba a san inda aka tsinto ta ba.

Wani abin dariya ma, waɗansu kwalaben da aka cika da hoton teku, abin da ke ciki sifirulina ce, wadda a tafkuna masu kanwa take tsirowa. Matan Kanembu na ƙasar Cadi sun daɗe suna kwasarta suna shanyawa suna miya da ita, suna ce mata dihe. Watau mutumin Barno ya je Ikko ya sayo abin maƙwabtansa da sunan teku.

Yanzu sai babbar maganar, ta kolajin na kifi, wanda ake rubutawa "marine collagen". Kolajin shi ne abin nan mai danƙo da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya kwana. A da daga fatar shanu da ta alade aka fi samunsa, shi ya sa da aka fito da na fatar kifi da ɓawonsa sai Musulmi suka yi na'am, domin a mazhabarmu ta Malikiyya abin ruwa halal ne. Wannan dalili ne mai kyau, kuma mai sayarwa ya san yadda zai yi amfani da shi. Sai dai halaccin abu daban, karɓuwarsa ga jikin kowane mutum daban. Gyaɗa halal ce, ƙwai halal ne, amma kowa ya san gidan da akwai yaron da in ya ci sai borin jini ya taso masa.

Da fari dai, kolajin ɗin da aka shafa ba ya shiga ya zama naman fuska. Masana fata suna da ma'aunin girman ƙwayar abu, sun ce wanda ya wuce 500 a wannan ma'auni da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata. Cikakken kolajin kuwa ya kai wajen 300,000. Raƙumi ne a ƙofar kafar allura. A waje yake tsayawa ya riƙe ruwa, fuska ta yi laushi na yini guda, a wanke ya tafi. Don haka sai masana'antu suka riƙa daddatsa shi ƙanana-ƙanana. To, a nan ne likitoci suka fara sa ido, saboda abin da ya faru a Japan.

Daga 2004 zuwa 2010 an sayad da wani sabulun wanke fuska a Japan, mai ganyen shayi, wanda aka sa wa daddatsen furotin na alkama don ya yi kumfa mai laushi. Mata miliyoyi suka saya. Sannu a hankali sai likitoci suka riƙa ganin matan da suka yi shekara da shekaru suna cin burodi da taliya lafiya, yanzu in sun ci sai fatar ido ta kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, waɗansu numfashi ya ɗauke har a kwashe su ranga-ranga. Da aka bi sawu sai aka iske sabulun ne. Wanke fuska da shi kullum ya sa jiki ya ɗauki alkama a matsayin abokin gaba, ta hanyar fata da ido da hanci. An janye sabulun daga kasuwa cikin 2011, an kuwa tabbatad da mutum fiye da 2,000 da abin ya shafa. Alkama ba ta teku ba ce, na sani, amma hanyar ɗaya ce, kuma an ga irinta da kifi. A 2016 waɗansu likitocin Japan suka ba da labarin wata mata mai ciwon fata na ƙaiƙayi da ta daɗe tana shafa man fuska mai kolajin na kifi, daga baya ta ci abin da aka haɗa da kolajin na kifi, jikinta ya yi mummunan bori irin wanda ke iya kisa. Irin wannan ba ya da yawa, kada in tsorata ku fiye da kima. Amma a lura da wadda abin ya sama, watau mai fatar da ta riga ta tsage.

Nan ne hankalina ya fi tashi, domin fatar da ta tsage ba ta da wuyar samu a gidajenmu. Hunturu yakan farfasa ta. Ƙyasfi da kirci da ƙurajen zafi suna nan. Fiye da duka kuma ga bilicin. Matar da ta shekara tana shafa mai mai sitiroyid, fatarta takan yi siriri har a riƙa ganin korayen jijiyoyi, nankarwa ta fito, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Katangar da Allah ya yi wa jiki ta rushe ke nan. Sa'an nan idan fuska ta lalace, sai a ce mata ga na gyara, na teku ne, mai sanyi, shi zai mai da fatar. A ɗauki furotin na kifi a riƙa zuba shi safe da yamma a kan fatar da ba ta da marfi. Ko likita ba ka zama ba ka ga inda aka dosa. Ku kuma da ke Kudu kun fi mu shiga wannan haɗari ta wata fuska, domin kifi da jatan lande suna cikin kusan kowace miya da za ku saya a buka. Wanda jikinsa ya ƙi kifi a Kano yana iya kauce masa. A Fatakwal fa?

Haka zancen yake ga kitosan, wanda ake yi da ɓawon jatan lande da ƙaguwa, ana sa shi a man gashi da na fuska. Abin da ke tayar wa mutane da bori yana cikin naman ne, ba ɓawon ba, don haka wanda aka tace da kyau yawanci ba ya yin kome. Amma wa ya tace, kuma yaya ya tace? Sikwalin kuwa, wanda a da daga hantar kifin shak ake tatsarsa, fata tana karɓarsa sosai domin maiƙon jikinmu ma yana da irinsa. Matsalarsa ta kifayen ce da ake kashewa, kuma yanzu ana yinsa da zaitun da rake.

Duk da haka, in mace ta shafa man teku fuska ta yi ja ta hau ƙaiƙayi, sau da yawa ba ciyawar ce mai laifi ba. Abin teku yana da ƙarni, sai an danne shi da turare mai yawa. Yana kuma da ruwa da abinci irin wanda ƙwayoyin cuta ke so, sai an zuba masa maganin hana ruɓewa. Turare da maganin hana ruɓewa kuwa su ne kan gaba cikin abubuwan da likitocin fata ke kamawa da laifin ƙaiƙayin kayan kwalliya. Akwai ɗaya mai dogon suna, methylisothiazolinone, wanda ya addabi mutane a Turai har Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin man da ake shafawa a bari a jiki tun daga 2017. A duba bayan kwalba, in an gan shi a man shafawa a ajiye. In kuwa ba a sa maganin hana ruɓewa ba sam, kamar yadda masu haɗin gida ke alfahari, to ku yi tunanin robar mai da ta kwana biyu a bayan tirela daga Ikko zuwa Maiduguri cikin zafin bazara, sa'an nan ta yi wata uku a kan madubi ana tsoma yatsa. Mu kuma baƙaƙen fata, kowane ƙaiƙayi da kumburi yakan bar mana baƙin tabo da kan yi watanni bai gushe ba. Mai neman haske ta ƙare da dabbare-dabbare, garin neman gira an rasa ido.

Mafi muni duka ita ce kwalbar da teku ya zama mata riga kawai. Duk man da aka ce na ciyawar teku ne ko na lu'ulu'u, amma ya sa mace ta yi fari cikin mako biyu, to a tabbata akwai wani abu a ciki da ba a rubuta ba. Garin lu'ulu'u ɗan'uwan alli ne da ɓawon ƙwai, ba shi da wannan ƙarfi. Abin da ke yin wannan aiki shi ne sitiroyid, ko haidirokwinon wanda in an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo mai kauri a kumatu, ko kuwa zaiba, wadda Turawa ke kira makuri. Cikin 2017 da 2018 wata ƙungiya mai yaƙi da zaiba, Zero Mercury Working Group, ta auna mayukan bilicin 338 daga ƙasashe 22, ta iske 34 suna ɗauke da zaiba mai yawa, wani har ya ninka iyakar da aka yarda da ita a lokacin sau dubbai. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono, tana kuma bin tawul da zanen gado ta kai ga miji da yara waɗanda ba su taɓa shafawa ba.

Abin mamaki, yarjejeniyar duniya da ta hana wannan guba sunan wani garin masunta take ɗauke da shi, Minamata na ƙasar Japan, inda aka gane cikin 1956 cewa mutane suna shanyewa suna mutuwa, daga baya aka tabbatar zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku ce kifi ya ɗauka suka ci. An sa hannu a yarjejeniyar cikin 2013, Nijeriya tana ciki, kuma a taron 2023 aka yanke cewa bayan 2025 kada a ƙara sa zaiba a kayan kwalliya ko kaɗan. A nan gida hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, ta fid da doka cikin 2019 da ta hana zaiba da sitiroyid a man shafawa, kuma cikin 2023 shugabarta, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce bilicin ya zama matsalar gaggawa ga lafiyar ƙasa. Doka dai ga ta a takarda. Amma mai haɗi a lungun kasuwa, da bokitinsa da muciyarsa, yana matse tub uku huɗu cikin roba ya liƙa takarda mai hoton kifi, shi ba ya zuwa ofishin kowa neman lamba.

To, mene ne abin yi ga mai son ya faranta wa iyalinsa? Ba na ce a daina saye ba. A sayi wanda ke rufe daga masana'anta, mai lambar NAFDAC, mai sunan kamfani da adireshi da ranar lalacewa, mai cikakken jerin abin da ke ciki. In ba ka karanta Turanci, ka nemi yaron makaranta ko mai kyamis ya karanta maka, ba abin kunya ba ne. Kamfanin da ya san abin da yake yi yakan rubuta sunan ciyawar na ainihi, ba ya tsayawa ga cewa sirrin teku. Sa'an nan ka tambayi kanka abin da da yawanmu ba mu tambaya, watau ko wadda za ka kai wa tana da borin jini in ta ci kifi ko jatan lande, ko tana da asma ko ciwon fata. In tana da shi, bar kolajin na kifi a kanti, ka sayo mata atamfa.

In kuwa an kai, kada a fara da fuska. Shawarar likitocin fata ita ce a shafa ɗan kaɗan a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, sau 2 a rana, har kwana 7 zuwa 10. Dalilin tsawon kwanakin shi ne wani ƙaiƙayin ba ya fitowa nan take, sai bayan kwana biyu ko uku, wani ma sai an maimaita. In wurin ya yi ja, ko ƙuraje, ko zafi, a wanke a bar man, kada a saurari mai cewa wai dattin fata ne ke fita. Wannan gargaɗi ya fi wajaba ga amare, domin an saba haɗa musu dilka da halawa da kurkum da sabon mai duk cikin mako guda kafin biki, a murje fata har ta yi ɗanye sa'an nan a bi ta da abin da ba ta taɓa gani ba. In leɓe ko fatar ido suka kumbura, ko maƙogwaro ya shaƙe, ko jiri ya ɗebi mutum, wannan ba na jiƙo ba ne, ba na jira gari ya waye ba ne, asibiti za a nufa nan da nan, a tafi da kwalbar a hannu. Jarirai kuwa a bar su da man kaɗanya da basilin. Man kaɗen nan namu na Neja da Kwara da Kabi, ai shi ne Turawa ke saye su haɗa da ciyawar tekun su dawo mana da shi a kwalba mai zinariya.

Ku kuma 'yan'uwa masu sana'ar, amana ce a hannunku. Mai saye a ƙauye ya yarda da ku ne domin ku ne kuka ga teku da idonku. Kada ku ce masa ba ya yi wa kowa illa alhali ba ku sani ba, kada ku juye babban mazubi cikin ƙananan robobi marasa suna, kada kuma ku karɓi kaya daga dilan da ya ƙi nuna muku takardar hukuma. Sarakunan Hausawa na Kurmi da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya gayyatar ma'aikatan NAFDAC su zo Sabo ko Agege bayan sallar Juma'a su nuna wa jama'a yadda ake gane lambar gaske da ta jabu, da Hausa, ba da Turancin taron otal ba.

Ga ita hukumar kuwa roƙona guda ne. Duk man shafawa ko sabulun da ke ɗauke da abin kifi ko jatan lande ko ƙaguwa, a tilasta wa mai shi ya faɗa a gaban kwalba da manyan baƙaƙe, kamar yadda ƙasashe da yawa ke yi wa abincin gwangwani, a kuma sa ɗan hoton gargaɗi saboda waɗanda ba su yi boko ba. Duk wanda ya rubuta ciyawar teku, ya kawo sunanta, da ƙasar da aka ɗebo ta, da takardar awon asanik da dalma da zaiba, kafin a ba shi lamba. Sa'an nan ma'aikata su riƙa shiga kasuwannin Ikko da Anaca da Kano suna sayen kwalaben nan masu hoton lu'ulu'u kamar kowane mai saye, su kai ɗakin gwaji, abin da suka samu su buga shi a jarida da rediyo, da sunan man da hotonsa.